Manhajar Ciki da Rajistar Uwar Garke

A cikin kusan kowace uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan banki ko na kamfanin waya, akwai wata ƙaramar kwamfuta da ba ta barci. Injiniyoyi na kiranta BMC. Ko an kashe uwar garken, muddin wayar wuta na jone, ita tana nan a farke, tana auna zafi, tana lura da juyawar fankoki da ƙarfin lantarki. Kowane kamfani da sunan da ya raɗa mata: Dell na cewa iDRAC, HPE na cewa iLO. Ƙa'idar yin magana da ita, IPMI, ta fito ne a 1998 bisa jagorancin Intel. A 2015 ƙungiyar DMTF ta fitar da Redfish, wadda ke maye gurbinta sannu a hankali.

Aikinta na farko shi ne rubuta rajista. Fanka ta rage gudu, ta rubuta. Ɗaya daga cikin na'urorin ba da wuta ta mutu, ta rubuta. An buɗe murfin akwatin da tsakar dare, nan ma ta rubuta, da rana da sa'a. Abin da ya fi amfani a rajistar shi ne ƙananan kurakuran ƙwaƙwalwa, waɗanda na'urar ke gyarawa da kanta ba tare da kowa ya sani ba. Kuskure ɗaya a wata ba abin tayar da hankali ba ne. Amma idan layi guda ya riƙa maimaituwa a kan sandar ƙwaƙwalwa ɗaya, yau biyu, gobe goma, to sandar na ban kwana, kuma gara a canza ta da rana tsaka da ta faɗi da asuba.

Rajistar na da rauni biyu. Wurin ajiyarta ƙarami ne, kuma a wasu na'urori idan ta cika sai ta daina karɓar sabon rubutu, shi ya sa ake kwashe ta zuwa wata kwamfuta dabam kafin a share. Sannan idan agogon BMC ya kauce, duk lokutan da ke ciki sun zama shaidar zur.

Aiki na biyu, wanda ya fi haɗari, shi ne sabunta manhajar ciki, wadda masu sana'ar ke kira famwaya. Ita ce manhajar da aka dasa a jikin ƙarfen kansa: a allon uwa, a katin sadarwa, har a cikin faifan ajiya. Da yawa daga masu kula da na'urori kan yi mata kallon abin da ba a taɓawa muddin yana aiki. A watan Nuwamban 2019 wannan ra'ayi ya sha kashi. HPE ya sanar cewa wasu faya-fayensa na SSD za su mutu da zarar sun cika sa'o'i 32,768 suna aiki, wato shekara 3 da kwana 270 da sa'a 8, kuma ba za a iya ceto bayanan ciki ba. Masana sun gane lambar nan take, domin 2 ce aka ninka da kanta sau 15, alamar ma'aunin ƙirga da ya cika ya tumbatsa. Mafi muni, faya-fayen da aka kunna rana ɗaya za su mutu kusan lokaci ɗaya, don haka dabarar ajiye kwafi a faifai na kusa ba ta da wani amfani. Maganin kawai shi ne sabuwar manhaja mai lamba HPD8.

Sai dai gaggawa ma na da nata tarihin. A Janairun 2018, bayan bayyanar ɓarakar tsaro ta Spectre, Intel ya fitar da gyara ga furosesoshinsa. Wasu na'urori suka fara kashe kansu suna kunnawa, har kamfanin ya nemi a dakatar da girka gyaran.

Saboda haka ake bin tsari. A fara karanta takardar da ke rakiyar sabuntawar, domin wani lokaci dole BMC ta riga allon uwa. A gwada a na'ura ɗaya, a bar ta ta kwana biyu. A zaɓi lokacin da ba a cika aiki ba, a tabbatar batir da janareta na tsaye, domin ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubuta manhaja na iya mayar da allon miliyoyin kuɗi kamar bulo. Na'urori da dama yanzu na ajiye kwafi biyu na manhajar don a iya komawa tsohuwa. Bayan an gama, injiniya ya sake buɗe rajista, ya kwatanta abin da ta rubuta jiya da abin da take rubutawa yau.