Yadda Muka Sa Butoci Tafiya, Da Abin Da Aikin Ya Koya Mana

 

Ranar walimar ƙarshen shekara kun kalli ɗan fim ɗin da ajinmu ya haɗa, inda butoci ke layi a bakin famfo suna faɗa, ruwa kuma na ta zuba a ƙasa. Tun ranar ake tare mu ana tambaya: wai ta yaya buta ke tafiya da kanta? Har wata kakarmu ta ce lalle da hannun aljanu a ciki. To ga bayanin, don ƴan ajin da ke biye da mu kada su faɗa ramin da muka faɗa.

Ba butar da ta motsa. Hotuna ne tsayayyu, ake nuna su ɗaya bayan ɗaya da sauri, sai ido ya ɗauka motsi ne. A fim ɗin sinima hoto 24 ke wucewa cikin daƙiƙa ɗaya. Masu irin aikinmu sukan tsaya a 12, kuma ya wadatar. Ka ajiye buta, ka ɗauki hoto da salula, ka matsa da ita kamar faɗin yatsa, ka sake ɗauka. Yi lissafi da kanka: 12 sau 60 ya ba da 720, minti ɗaya ke nan. Namu minti ɗaya da rabi ne, wato hoto 1,080. Ranar farko muka wuni muka ɗauki hoto 200, muna ta murna. Da aka kunna, ko daƙiƙa 17 bai cika ba. Wallahi jikin kowa ya yi sanyi.

Me ya sa butoci? Da farko shanun laka muka so ginawa. Malam ya ce malamai sun yi saɓani kan siffanta mai rai, gara mu kauce. Mun ɗan ji haushi, amma daga baya muka ga alheri ne, don buta ba ta fashewa in ta bushe, kuma kowa na da ita a gida.

Darasi na farko, a rubuta labari kafin a taɓa salula. Mu mun fara ne da ka, kowa na faɗin nasa, kwana uku ba mu san inda muka dosa ba. Sai muka ɗauki kaye muka zana akwati 15, kowane akwati da abin da zai faru a ciki da yawan daƙiƙunsa. Daga nan gardama ta ragu.

Na biyu, haske. A tsakar makaranta muka fara, mun manta rana tafiya take. Da aka haɗa hotunan sai inuwa ta riƙa tsalle, fim na ƙyaftawa kamar kuran zai ɗauke. Dole muka zubar da aikin mako guda, muka koma cikin aji, muka rufe tagogi, muka kunna fitilar sola guda a wuri ɗaya.

Na uku, salula ba ta motsi ko kaɗan. Mun ɗaure ta da roba a jikin gwangwanin madara cike da yashi, muka zagaye gindinsa da alli. Mai danna hoto daban, mai matsa butoci daban, mai ƙirga daban. Har da mai tsaron ƙofa, saboda ƙananan yara.

Na huɗu, murya daban ake ɗaukarta. Da rana ƙarar kabu-kabu da kukan awaki sun cika mana sauti, sai muka koma ɗauka bayan sallar asuba.

Na biyar shi ya fi mana ciwo. Salular aro ce, ta yayan ɗaya daga cikinmu. Saura kwana goma walima ta cika, mai ita ya share hoto wajen 300 bai sani ba. Laifinmu ne, ba mu gaya masa ba, ba mu kuma kwafe a wani wuri ba. Iyaye sun riga sun ba da kuɗin hayar majigi. Muka raba kanmu gida biyu, wasu bayan la'asar, wasu Alhamis da Juma'a, har muka cike giɓin. Tun daga nan kullum sai mun tura aikin ranar cikin katin ajiya na biyu.

Kada wani ya ce wannan sana'ar ta Turawa ce kaɗai. Marigayi Mustafa Alasan, wanda aka haifa a 1942 a Ndunga kusa da Yamai, yana cikin na farko da suka yi fim ɗin zane mai motsi a Afirka. Makanike ne tun farko, ya kuma fara da wasan inuwa da fitila. A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, labarin wani kwaɗo shugaban ƙasa da ya tafi ziyara. Ya daɗe zaune a Tawa yana aikinsa da kayan da ya samu a hannu, ya rasu a 2015. Shi ko salula babu lokacin da ya fara.

Malam ya ce mana aikin nan da hadda uwarsu ɗaya: aya kan aya ake haɗa sura, wanda ya yi gaggawa kuma sai ya koma baya. Mun gani da idonmu. Sannu ba ta hana zuwa.

Ƴan aji mai zuwa, kayen da gwangwanin suna wurin Malam, ku je ku karɓa. Muna godiya ga malamanmu, da iyayen da suka ba mu aron butocinsu har suka rasa na alwala.