Kwana Ɗaya a Duwatsun Birnin Kudu

Wurno gari ne a ƙasar Birnin Kudu, can kudancin Jihar Jigawa, wadda aka cire daga Jihar Kano a 1991. Yaron da ya tashi a wannan ƙasa ya saba ganin duwatsu tun yana goye, har ya kan zaci ba abin da ke cikinsu sai ƙadangaru da jemagu. Amma a gefen garin Birnin Kudu akwai waɗansu duwatsu da masana ke tasowa daga ƙasashe masu nisa don su gani. Shahararru daga cikinsu su ne Dutsen Mesa, da Dutsen Habude, da Dutsen Murufu. Abin kunya ne baƙo ya san su, ɗan ƙasa bai sani ba. Saboda haka ya kamata malamai su riƙa kai yaran manyan azuzuwa, su kwana kusa, su hau da sassafe.

Ba lokacin da ya fi kaka dacewa da wannan tafiya. Da damina dutse yana da santsi, ga tsawa. Da bazara kuwa, kafin hantsi ya yi zafin da ba ya takuwa. Amma da kaka ruwa ya ɗauke, an yanke gero, ana cirar gyaɗa, guzuri ba wuya, hazon hunturu kuma bai rufe sama ba tukuna. Sai dai kaka tana da nata haɗari, gama ciyawa ba ta bushe ba, macizai kuwa, musamman kububuwa, suna yawo ƙwarai. Don haka kowane yaro ya sa takalmi, kada kuma ya cusa hannu cikin rami ko ƙarƙashin dutse.

Kafin a tashi, sai babban malami ya nemi yardar iyaye da ta ofishin ilimi, ya aika wa Hakimi da masu kula da wurin, ya roƙi a ba shi ɗan gari wanda zai yi ja-gora. Kowa ya ɗauki tabarma, da bargo, da gidan sauro, da gorar ruwa, da littafi da fensir. Mota ta kan sauke su a gari da la'asar. A ɗakin makaranta a ke kwana, maza da malaminsu, mata da malamarsu. Ba a kwana cikin kogo, ba a kuma hura wuta a ciki, za ku ga dalili nan gaba. Bayan sallar lisha, in an fito fili, sai malam ya nuna musu Kaza da 'Ya'yanta, waɗanda ke fitowa daga gabas da farkon dare a wannan lokaci na shekara.

Da an yi sallar asuba, gari ya waye, sai a kama hanya a ƙasa. Ja-gora na gaba, ƙanana na bin sa, manya na biye, malam ɗaya a can baya. Ba tsere, ba ihu, domin ƙudan zuma su kan yi gida a tsagar dutse. Tun a hawa akwai abin lura. Jikin dutsen yana ɓarewa falle-falle kamar albasa. Zafin rana da sanyin dare da ruwan sama ne ke cin sa sannu a hankali, shekara da shekaru, har wani ɓangare ya rabu ya faɗo. Ta haka manyan duwatsu su kan hau kan juna, su bar inuwa a ƙarƙashinsu kamar rumfa.

A jikin irin waɗannan rumfuna ne mutanen da suka zana hotunan dabbobi, yawancinsu shanu, da jan launi da fari da baƙi. To, a nan ne malam zai ce yara su zauna su duba da kyau, kada ya yi gaggawar gaya musu kome. Ba a daɗewa sai wani mai ido ya ce, "Malam, ai shanun nan ba su da tozo!" Gaskiyarsa kuwa. Bunaji da rahaji da Fulani ke kiwo a ƙasar yau duk masu tozo ne. Shanu masu tozo asalinsu daga wajen Indiya ne, daga baya suka shigo Afirka. Kafin su, marasa tozo a ke kiwo, waɗansu masu dogon ƙaho, waɗansu masu gajere. Masu gajeren ƙahon nan su ne dangin muturu, ƙaramar saniyar nan mai jure cizon ƙudan tsando, wadda yanzu sai an nausa kudu a kan same ta. Ashe dutsen yana ba da shaida cewa an yi wani zamani da makiyayan ƙasar nan ke kora waɗansu shanu dabam. Akwai irin wannan zane da yawa a tsakiyar Sahara, kamar a duwatsun Tasili na ƙasar Aljeriya, inda dā a ke kiwo, yau kuwa sai rairayi da duwatsu.

Abu na biyu ya fi faranta wa yara rai, watau duwatsu masu kiɗa. In an ƙwanƙwasa su da ƙaramin dutse, sai su yi amo kamar kuge, wani siriri, wani mai kauri. Inda a ke bugawa har ya lotsa ya yi sumul, don yawan hannuwan da suka buga. Mutanen gari sun san su tun kaka da kakanni. Wanda ya kai labarinsu ga masana na duniya shi ne Bernard Fagg, Baturen Ingila da ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Ya zo Birnin Kudu a 1955, ya buga bayaninsu a 1956. Yanzu wuraren suna hannun Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa.

Dalilin hana wuta kuwa shi ne, hayaƙi yana rufe zanen da baƙi. Gumin hannu yana cin launinsa. Mai yayyafa masa ruwa don ya fito sosai, da mai rubuta sunansa da alli ko gawayi a gefe, duk ɓarna su ke yi, abin da ya goge kuwa ba mai iya mayar da shi. Yaro arba'in, in kowa ya shafa sau ɗaya, sun isa su dusashe saniya guda. Wanda ya ke son hoton, sai ya zana shi cikin littafinsa, ya ƙirga ƙafafu, ya lura da yadda ƙaho ya tanƙwara.

Kafin rana ta take, sai a sauko, gama saukowa ta fi hawa wuya, an kuwa gaji. A gindin dutse malam ya kira suna, a sha fura, a tsince ɓawon gyaɗa da takardu, sa'an nan a nufi inda mota ke jira.