Tankokin Japan a Ƙasar Gobir

Duk wanda ya yi ƙuruciya tsakanin Kurawa, Sabon Birni da Isa a ƙarshen shekarun 1990, in dai ya taɓa leƙa shagon mai janareto, ya san wasan nan na tankokin yaƙi. Mu "Tanka" kawai muke ce masa. Sunansa na asali Battle City, kamfanin Namco na ƙasar Japan ne ya fitar da shi a 1985 don na'urar Famicom, wadda Nintendo ya fara sayarwa a 1983. Tushensa wani wasa ne na akwatin jefa kwabo mai suna Tank Battalion, na 1980.

Abin da mai karatu zai yi mamaki shi ne, ba a taɓa fitar da wasan nan a kan na'urar NES ta Amurka ba. Yaron Amurka na wancan zamani bai san shi ba, ɗan Gobir kuwa ya haddace shi. Dalili kuwa kayan jabu ne. Masana'antun Taiwan da Sin suka kwaikwayi Famicom, suka cusa wasanni a kaset mai ruwan ɗorawa, suka rubuta masa wasa dubu tara da ɗoriya, alhali in ka ƙirga da ƙyar su wuce goma. 'Yan kasuwa suka kwaso, kaya suka biyo ta Sabon Garin Kano har suka iso mu. Da yawanmu ma kwaikwayon da ake kira Tank 1990 muka buga, muna zaton shi ne na ainihi.

Dokar wasan ba ta da wuya. Akwai mikiya a ƙasan allo, an kewaye ta da katangar bulo. Tankoki 20 za su kawo hari a kowane mataki, matakan kuma 35 ne. Ko rayukanka ba su ƙare ba, harsashi ɗaya ya sami mikiyar, wasa ya mutu. Harsashinka ma yana kashe ta, kuma nan ne ake yawan faɗa tsakanin abokan wasa biyu.

A ganina wannan doka ta fi ƙarfin wasan yara a wurin jikokin waɗanda suka rasa Alkalawa a 1808. Mutum na iya tsira da ransa, gari ya tafi. Mutanen Sabon Birni da Isa sun ga haka da idonsu tun da 'yan bindiga suka addabi yankin, ƙauyuka suka watse.

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da waɗannan biyu. Wayoyi masu tsada suka yi shiru, duk wasan da ke dogara da intanet ya tsaya. Kaset ɗin nan kuwa bai san da wata sadarwa ba. Talabijin da ɗan fetur kawai yake nema, in ya ƙi kamawa a hura masa iska. Sai dai a lokacin an taƙaita sayar da fetur ɗin ma. Nintendo ya daina ƙera Famicom tun 2003, ya daina gyaranta a 2007.