"Ya ce zai biya" ko "ya ce in biya": kai saƙo cikin harshen Ingilishi

Ɗan kasuwar Maraɗi da ke bi ta Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina, ko na Ƙonni da ke ƙetarawa Illela, Hausa ta ishe shi ciniki. Amma da zarar magana ta kai ga takardar banki, ko wasiƙar kamfanin Legas, sai Ingilishi ya karɓi fili. Haka ma ma'aikatanmu da ke zama da takwarorinsu a hukumar haɗin gwiwar Nijar da Nijeriya, wadda aka kafa a 1971. A nan, mai kai saƙo yana iya jawo hasara da kalma guda.

A duba waɗannan jimloli biyu: "He told me he would pay the duty" da "He told me to pay the duty". Ta farko labari ce, wato ya ce shi zai biya kuɗin duwan. Ta biyu umurni ce, ya ce ni in biya. Ƴar kalmar nan "to" ita ce ta ɗauke nauyin kuɗin daga aljihun wani ta aza a na wani. Bahaushe yana yin wannan aiki da "in", "ka", "ya": ya ce in biya, ya ce ka biya. Wanda ya yi faransanci kuwa ya san "il m'a dit de payer". In hani ne, "not" ke shiga gaban "to": "He told the driver not to unload", ya ce wa direba kada ya sauke kaya.

Faransancin nan yana da tarkonsa. Tun da "dire" ɗaya ce, ɗalibanmu, waɗanda ke fara Ingilishi daga ajin sixième, sukan ce "he said me". Ingilishi bai yarda ba. "Tell" ce ke ɗaukar wanda aka faɗa wa kai tsaye. "Say" sai da "to" tsakani. Kuma zaɓen aikatau ba wasa ba ne: "asked" roƙo ne, "advised" shawara, "ordered" doka. Sakataren da ya rubuta "ordered" a inda baƙo ya yi roƙo kawai, ya sa masa girman kan da bai yi ba.

Inda Bahaushe ya fi tuntuɓe shi ne lokaci. Mu, maganar mutum ba ta canza lokacinta don an maimaita ta: "zan zo gobe" ta koma "ya ce zai zo gobe", shi ke nan. Ingilishi kuwa yakan ja ta baya taki ɗaya: "will" ta zama "would", "is" ta zama "was", "has paid" ta zama "had paid". In rana ta wuce, "tomorrow" ta koma "the next day". In ba haka ba mai karatu zai jira kaya ranar da ba ita aka yi alkawari ba. Abin da har yanzu yake gaskiya, ana iya barinsa yadda yake.

Tambaya ma tana kwance ɗamararta: "Where is the lorry?" ta zama "He asked where the lorry was", babu alamar tambaya. "Ko" ɗinmu kuma shi ne "if" ko "whether".

Sai "wai", wadda ke tsame mai magana daga alhakin labari. Ingilishi yakan maye ta da "apparently" ko "it is said that". Ga ganina, babu wadda ta kai ta kaifi a cikinsu.