"Za Mu Neme Ka": Abin da ke Biyo Bayan Intabiyu a Kamfanonin Kano

'Yan'uwa, kowace shekara da zarar an gama girbi an zuba hatsi a rumbu, matasanmu da yawa sukan ɗauki jaka su nufi Kano neman aiki. Waɗansu daga ƙauyukan Rogo da Tudun Wada da Sumaila, waɗansu daga wajen Malumfashi da Funtuwa. Sukan sauka wurin ɗan'uwa a Sabon Gari ko Panshekara, da sassafe kuma sai ƙofar kamfani. Wanda ya yi sa'a akan kira shi ciki, a duba takardunsa, a yi masa tambayoyi, a ƙarshe a ce, "To madalla, za mu neme ka." A kan wannan kalma muke so mu yi magana, domin ta cinye wa iyalai da yawa kuɗi da lokaci, har da damina sukutum.

Manyan unguwannin masana'antu uku ne a Kano. Bompai ita ce tsohuwa, tun zamanin Turawa. Sharaɗa an yi ta kashi uku. Challawa kuwa tana ƙaramar hukumar Kumbotso kusa da kogin Challawa, can ne manyan kamfanonin jimar fata suka fi yawa. Ana yin roba, takalma, alewa, sabulu, man girki da sauransu. Iyayenmu da suka yi aiki a can a shekarun 1970 za su tuna lokacin da masaƙu ke neman hannu ruwa a jallo. Amma tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, ga matsalar wutar lantarki, ga kayan waje masu araha, kamfanoni da dama sun rufe. Yau gurbi ɗaya, masu nema tuli.

Me ya sa ba sa kira?

Abu na farko da ya kamata mu sani shi ne, babu dokar da ta tilasta wa kamfani ya sanar da wanda bai ɗauka ba. A Ingila da Amurka an saba aika 'yar wasiƙar ban haƙuri, ko da yake can ma masu neman aiki suna kukan a kan yi musu shiru. A nan kuwa shirun ne aka fi sabawa da shi. Sau da yawa "za mu neme ka" hanya ce ta sallama cikin ladabi, kamar yadda mai kaya a kasuwa yakan ce "albarka" maimakon ya ce a'a.

Ba kullum ba ne mugunta. Wanda ya yi maka tambayoyi ba lallai shi ne mai yanke shawara ba. Sai ya kai sunaye wurin manaja, manaja kuma ya jira mai kamfani, wanda wataƙila ma ba ya ƙasar. Aikin kansa yana hawa yana sauka. In wuta ta yi ƙaranci, ko man dizil ya yi tsada, ko kayan aiki suka maƙale a tashar jirgin ruwa ta Legas, sai a dakatar da ɗaukar mutane. Shi ya sa waɗansu kamfanoni sukan ajiye sunaye su bar mutum a rataye, ba a ce masa e ba, ba a ce a'a ba, don in aiki ya taso su same shi kusa. Wannan ya yi wa kamfani daɗi. Amma mu a ganinmu bai dace ba, gama saƙon tes guda ɗaya ba zai karya kowane kamfani ba, shi kuwa mai jira yana cin guzurinsa ne, yana kuma nauyaya wa wanda ya sauke shi.

Wani lokaci kuma an kira, ba a samu ba. Tun da wayar salula ta shigo a 2001, da ita ake neman mutane, ba da wasiƙa ba. To, yaro ya koma ƙauye inda sabis sai an hau tudu, ko wayar ta kwana biyu ba caji. Ma'aikacin ofis ba zai kira sau uku ba. Zai wuce ga suna na gaba.

Kafin ka tashi daga kujera

Saboda haka, kada ka fita sai ka yi tambaya. Ba rashin kunya ba ne ka ce, "Ranka ya daɗe, yaushe zan sa ran jin sakamako, kuma ta wace hanya?" Ka ji ko waya za a yi, ko za a manna sunaye a allon sanarwa na bakin ƙofa. Ka riƙe sunan ofishin da za ka tuntuɓa. Ka ba da lamba biyu, taka da ta wani amintacce da ke zaune a Kano, ka kuma gaya masa ka ba da lambarsa. Kofin takardu za ka bari, na ainihi su koma gida tare da kai.

In ranar da aka faɗa ta wuce, ka ƙara kwana biyu ko uku, sa'an nan ka je ko ka buga waya sau ɗaya, ka faɗi sunanka da ranar da aka gana da kai. Bayan mako biyu kana iya sāke tuntuɓa. Daga nan kuma ya isa. Zaman bakin ƙofa kullum ba ya ƙara wa mutum daraja, maigadi kuwa, kome kirkinsa, ba shi ke ɗaukar ma'aikata ba. Ka ci gaba da nema a wasu wurare kamar ba a yi maka alkawari ba.

Ga iyaye, muna ba da shawara a yanka wa yaro wa'adi tun kafin ya bar gida. A ƙasar Kano ruwa yakan sauka wajen ƙarshen Mayu zuwa Yuni. In sharar gona ta zo babu takarda a hannu, ya dawo. Kada kuma a yi ta shela a majami'a cewa ya sami aiki alhali intabiyu kawai ya yi, gama kunyar dawowa hannu wofi ita ke riƙe da yawa a birni har shuka ta wuce.

In an kira da batun kuɗi

Akwai kiran da ya fi shiru haɗari. Mutum zai bugo ya ce sunanka ya fito, amma ka turo kuɗin fom, ko na rigar aiki, ko "na shan ruwan oga". Kada ka tura. Ka je kamfanin da ƙafarka ka tambaya a ofis. Gaskiya ne kamfanoni da yawa suna ɗaukar leburori ta hannun 'yan kwangila, amma doka ta ce mai wannan sana'a sai yana da lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, kana da iko ka nemi gani. Ko a aikin gwamnati biyan kuɗi bai taɓa zama tabbaci ba. Mu tuna da 15 ga Maris 2014, sa'ad da dubban ɗaruruwan matasa, kowa ya biya naira 1,000, suka cika filayen wasa don jarrabawar shiga hukumar shige da fice. Aƙalla mutum 15 suka mutu a turmutsitsi, guraben kuwa ba su kai 5,000 ba.

In an ce ka zo ka fara

Nan ma magana ba ta ƙare ba. Da yawa akan ce musu da baki, "Ka zo ran Litinin." Ka je, amma ka tambaya tun ranar: wa ya ɗauke ni, kamfani ko ɗan kwangila? Aikin dindindin ne ko na wucin gadi? Nawa ne albashi, a yini ne ko a wata? Akwai aikin dare? Ana aiki ran Lahadi? Gara ka ji tun farko da a yi rigima daga baya.

Dokar Ƙwadago ta 1974, sashe na 7, ta ce kafin wata uku su cika da fara aiki dole a ba ma'aikaci takarda mai ɗauke da sunan mai aikin, irin aikin, albashi da lokacin biya, awoyin aiki, hutu, da tsawon sanarwar sallama. Sashe na 11 ya ƙayyade sanarwar: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya in bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya daga shekara biyar. Ku lura da wata ukun nan. Shi ya sa akan sallami leburori dab da cikarsu, a sāke ɗaukarsu kamar sababbi. A Yuli 2024 an mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a wata, ko da yake dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba.

Akan kuma tura mutum asibiti a duba lafiyarsa, musamman a kamfanonin abinci. Wannan daidai ne. Sai dai dokar 2014 ta hana a mai da gwajin ƙanjamau sharaɗin ɗaukar aiki.

Abu na ƙarshe ya shafi fastoci da dattawan ikkilisiya, domin su akan kawo wa takardar tsayawa mutum. Ku karanta ta sosai kafin ku sa hannu. Wata shaidar hali ce kawai, wata kuwa tana cewa in kaya suka ɓace a hannun yaron, ku za ku biya. Ku riƙe kofi, shi ma ya riƙe nasa. In daga baya aka hana shi albashi ko aka kore shi ba sanarwa, da waɗannan takardu zai je ofishin Ma'aikatar Ƙwadago a Sakatariyar Tarayya da ke titin Katsina, in ba a daidaita a can ba, akwai reshen Kotun Ma'aikata ta Ƙasa a nan Kano.