Fresnel

Fresnel tsarin kalmomi ne da ake amfani da shi wajen faɗa wa manhaja yadda za ta nuna bayanan RDF ga mutane. RDF kuwa shi ne ƙa'idar da ƙungiyar W3C ta amince da ita a 1999 domin rubuta bayanai ta yadda kwamfuta za ta gane alaƙar da ke tsakaninsu, wato abin da ake kira yanar gizo mai ma'ana. An raɗa wa tsarin sunan Augustin-Jean Fresnel (1788–1827), masanin kimiyya ɗan Faransa da ya ƙera gilashin tattara haske na fitilun gaɓar teku.

Tarihi

Masu binciken da suka jagoranci aikin su ne Emmanuel Pietriga na cibiyar INRIA a Faransa, da Chris Bizer na Jamus, da David Karger da Ryan Lee na jami'ar MIT a Amurka. Sun gabatar da shi a taron ISWC na 2006. Manhajoji irin su Longwell da IsaViz sun yi aiki da shi, amma bai kai ga zama ƙa'idar W3C a hukumance ba.

Matsalar da ya zo magancewa

A RDF, kowane bayani jimla ce mai sassa uku: abu, alaƙa, da abin da aka alaƙanta. Misali, "Dam ɗin Watari, yana cikin, Bagwai", sannan "Bagwai, tana cikin, jihar Kano". Irin waɗannan jimloli ba su da na farko ba su da na ƙarshe. Idan aka zuba su a allo yadda suke, mai karatu ba zai ga komai ba sai tarin lambobi da adireshin intanet. Kafin Fresnel, kowace manhaja da tata dabarar nunawa, kuma ba a iya ɗaukar ta wannan a kai wa waccan.

Yadda yake aiki

Fresnel ya raba aikin gida biyu. Na farko shi ne *tabarau*, wanda ke zaɓar bayanan da za a nuna da jerinsu. Daga tari ɗaya na bayanan Watari, tabarau guda zai iya fito da sunan dam da ƙaramar hukuma don ɗalibi, wani kuma ya fito da magudanan ruwa da amfanin gona don malamin gona mai kula da noman rani. Na biyu shi ne *fasali*, wanda ke yanke kamanni: ko adireshi zai fito a matsayin hoto ko mahaɗi, wane laƙabi za a saka, wace alama za ta raba abubuwa. Launi da girman rubutu an bar wa CSS. Su kansu dokokin da RDF ake rubuta su, shi ya sa ake iya musayarsu.

Alaƙa da Hausa

Wikidata, wadda aka buɗe a 2012, ba da Fresnel take aiki ba, amma ita ma ta raba bayani da kamanninsa. A can Najeriya lamba ce, Q1033, alaƙar "ƙasa" kuma P17. Akwatin bayanai na shafukan Wikipedia ta Hausa yakan jawo laƙabin Hausa daga nan. Inda babu wanda ya rubuta laƙabin, sai Turanci ko tsurar lamba ta bayyana a gurbinsa.