Kowa Ɗan Zamaninsa Ne: Yadda Tafkin Kainji Ya Raba Kaka da Jika a Yauri

Turawan Ingila na da wata magana mai nuna cewa kowane mutum ɗan zamaninsa ne, wato inda ya tashi da lokacin da ya tashi su ne ke gina halinsa. Bahaushe kuwa cewa yake yi zamani riga ne. A masarautar Yauri, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga a jihar Kebbi, ana iya ganin gaskiyar maganar a cikin gida ɗaya.

Kafin 1968, Gungawa, waɗanda ke kiran kansu Reshe, suna zaune ne a tsibiran Kogin Kwara, kuma daga kalmar gungu suka samo sunansu. Yaron da aka haifa a gungu kan iya tuƙa kwalekwale tun yana ƙarami, ya san lokacin cikowar kogi da janyewarsa, ya kuma koyi noman albasa a ƙasa mai laka da ruwa ke bari. Sarkawa kuma su ne gwanayen kamun kifi.

An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka kammala a 1968. Tafkin da ya taru, mai tsawon sama da kilomita 130, ya shanye tsibirai da gonaki da tsohon garin Bussa, aka kuma tashi mutum fiye da 40,000 zuwa sababbin matsugunai. 'Ya'yan da aka haifa a can sun tashi a kan tudu, kusa da kasuwa da makaranta da hanyar mota. Hausa ta zama harshen ciniki da karatu, har ta shiga gidaje. Masanin al'adu Frank Salamone, wanda ya yi bincike a Yauri, ya yi rubutu a shekarun 1970 kan yadda Gungawa ke rikiɗewa suna zama Hausawa.

Jikokinsu kuma wani zamani suka tarar. A watan Mayun 2021, jirgin ruwa maƙare da fasinjoji ya nutse kusa da Warrah a Ngaski, mutane da dama suka rasu. Ranar 17 ga Yuni na shekarar, 'yan bindiga suka sace ɗalibai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, wasu 'yan matan suka kusa shekara biyu a daji. Yaron da ya girma cikin waɗannan labarai ba zai kalli makarantar kwana ko tafiyar ruwa kamar yadda mahaifinsa ya kalle su ba.

Shi ya sa zargin matasa da ƙin gado ke buƙatar adalci. Wanda bai tarar da gungu ba, a ina zai koyi aikin gungu? Bikin Rigata na Yauri yana raya tseren kwalekwale, amma biki na 'yan kwanaki ne. Abin da zai gina yaran da ke tasowa yanzu shi ne makaranta mai tsaro, da jirage masu rigunan kariya, da Reshe da ake yi musu a gida. Hukumar HYPPADEC, wadda aka kafa domin yankunan da madatsun wutar lantarki suka shafa, da gwamnatin jiha da masarauta da iyaye, kowa yana da nasa kason a wannan aiki.